Gwaggon da Take Shuka Kafin Ruwa

Gwaggo ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ya kai inda ko kaji ba sa barin gindin rumbu. Na Allah muke, ita kuma ta riga mu amsa kira. Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta makwancinta, kafin la'asar gida ya cika har mata suna zama a kan turmi don an rasa tabarma. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, don haka ni ake nema a cikin gida a yi wa gaisuwa. Baba yana ƙofar gida tare da maza.

Ba a daɗe ana kuka ba aka koma gardama, kuma na san da tana nan da ta fi kowa jin daɗin hakan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ta fara. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma taurin kai kam ta ci ta ƙoshi."

Matar liman ta ce, "Haba Iya, ba taurin kai ba ne. Tawakkali ne."

'Yar ƙanena, wadda take karatu a birni, ta ce, "Ni wallahi confidence ɗin Gwaggo ne yake burge ni. Ban taɓa ganin mutum optimistic irinta ba."

Tsohuwar ta juyo gare ni ta ce, "Me yarinyar nan take cewa?"

Na ce, "Wai ba ta karaya, kullum alheri take hange."

Ta ce, "To ai abin da na faɗa ke nan."

Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Ni malamar firamare ce, Turanci nake koyarwa, kalmomin da yarinyar ta faɗa na sha rubuta su a allo da su da 'yan uwansu. Na san tawakkali, na san kyautata zato, taurin kai kuwa a gidanmu aka raine shi. Kowace kalma ta kama wani gefe na Gwaggo. Amma na san abin da dukkansu suke kewayawa ba su ambata ba, wato binne.

Wanda bai tashi a karkara ba zai so a yi masa bayani. Binne shi ne mutum ya shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. A sara rami da sungumi, a zuba iri, a rufe da diddige, a koma gida a jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, shukarka ta riga ta kowa fitowa, geronka ya riga na kowa nuna. In kuwa yayyafi ne kawai ya jiƙa saman ƙasa, iri ya tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi, shi ke nan ka yi asarar iri. Ko ruwan bai yaudare ka ba, akwai zabi, akwai ɓeraye, akwai tururuwa, duk sun san inda ka ajiye. Kakanninmu sun san binne, amma a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir an bar shi tun wata shekarar yunwa da aka yi kafin a haife ni, don gudun asarar iri. Mutum ɗaya ce ta riƙe shi, kuma mace ce.

Gonarta gadon mahaifinsu ce, 'yar ƙarama, tana jingine da tamu, layin ciyawar gamba ne kawai ya raba su. A wajenmu babu daji, gona tana ƙarewa wata ta kama, kowa yana ganin abin da kowa yake yi. Don haka duk shekara gari yakan sha kallo. Da zarar jakuna sun gama kai taki, sai ka hango Gwaggo da sassafe, ta ɗaura ɗamara a kan zane, sungumi a hannu, ƙasa tana tashi fari fat a duk inda ta sara. Sama kuwa ko ɗigon gajimare babu. Masu wucewa a kan keke sukan tsaya su ce, "Gwaggo, ina ruwan?"

Sai ta ce, "Yana hanya. Ya tsaya gaisuwa ne a wani gari."

Amsarta ke nan ga kusan komai. Ɗan maƙwabta ya tafi kudu neman aiki an daina jin ɗuriyarsa, uwarsa tana kuka, Gwaggo ta ce yana hanya. Na yi shekaru da aure ban haihu ba, na zo mata ido ya kumbura, ta ce in tashi in ɗora mata ruwan zafi, yana hanya. Na ji haushinta ranar, ban ɓoye mata ba. Akuyarta ta kwanta ciwo ta ce za ta tashi. Da akuyar ta mutu aka zo ana mata jaje, sai ta ce dama kukanta ya ishe ta. Ba za ka taɓa kama ta ba. Ni halin Baba na ɗauko, in na ga hadari sai na tuna da katangar da za ta faɗi, saboda haka zama da ita wani lokaci yakan gajiyar da ni. Mutum yana so a taya shi damuwa ko da na ɗan lokaci ne.

Kada wani ya ɗauka kullum takan dace. Na ga shekarun da binnenta ya tsiro ya bushe tana kallo, ganye ya murɗe ya koma kamar zare. Takan bi layi-layi tana dubawa, ta dawo gida ta yi alwala, ta ci tuwonta har da neman ƙari. Washegari ta fara lissafin inda za ta samo wani irin. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ta ɗora wa wani laifi, ko ta ce da na sani.

A shekarun da ta dace kuwa, ita ce mai tumun farko a gari. Tsakiyar damina lokaci ne mai wuya a ƙauye. Gonaki sun yi kore shar, ido yana ƙoshi, amma rumbu ya yi ƙasa, na bara ya ƙare na bana bai iso ba. A daidai wannan lokacin geron Gwaggo yake nuna. A zaman makoki wata mata daga unguwar gabas, wadda ban ma san suna hulɗa ba, ta matso kusa da ni ta ce, "Shekarar da maigidana ya kwanta, mun wuni biyu ba mu ɗora tukunya ba. Sai ga ta da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ta ce wai sabon gero ne, in ɗanɗana in gaya mata ko ya yi zaƙi. Ƙwarya guda, wai ɗanɗane." Kafin a tashi makoki na ji irin wannan labarin daga bakin mata da yawa, kuma kowacce ta zaci ita kaɗai aka yi wa. Ni da na tashi a ɗakinta na san tana fita da ƙwarya, ban san yawan ƙofofin da ta shiga ba.

Innarmu ce ta gaya mini tushen abin, bayan na girma. A waccan shekarar ta yunwa Gwaggo tana gidan miji da ɗanta guda, yaro ɗan yaye. An jira ruwa, an makara da shuka, abinci ya ƙare gero yana kan fitar da kai. Yaron ya rame, zawo ya kama shi, ya rasu saura kaɗan a fara cin tumu. Ba ta sake haihuwa ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta, wato Baba, da ƙudurin cewa muddin tana da rai sai an sami gero da wuri a garin nan, ko a gona ɗaya ne.

Baba ma shekarar ce ta gina shi, amma ta wani gefen. Yana saurayi mahaifinsu ya rasu ya bar masa gida, ya ga yadda aka cinye iri don yunwa, aka rasa abin shukawa da damina ta dawo. Tun daga nan damin iri ya zama masa abin da ba a wasa da shi. A can ƙuryar rumbu yake ajiye shi, ba ya shuka sai an yi ruwa ya tona ƙasa da hannunsa ya ga danshi ya nutsa, sannan ya jira na biyu don ya tabbatar. Yunwa ɗaya suka gani su biyun. Ita ta fito da tsoron makara, shi ya fito da tsoron gaggawa, kuma gamba ce kawai tsakanin gonakinsu.

Yawanci abin wasa ne. Ita ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Auta, har gemunsa ya yi fari. Ta gan shi tsugune yana tona ƙasa sai ta ce, "Auta, in ka kai ga ruwan rijiya ka ɗebo mana." Shi kuma in ya ga zabi a gonarta ya ce, "Yaya, baƙinki sun iso, sun ce a gode miki."

Shekara ɗaya ce wasan ya ɓaci, ina da aure a lokacin amma na zo wankan haihuwar ɗana na fari, don haka a gabana aka yi. Ta yi binne, yayyafi ya cinye. Ta sake, ya sake cinyewa. Irinta ya ƙare. Ba ta gaya wa kowa ba ta sa aka buɗe rumbu, ta ɗebi na gandu, wanda Baba ya ajiye don gonar gida, ta yi na uku. Shi ma ya tafi. Da ruwan gaskiya ya sauka Baba ya hau rumbu ya tarar abin da ya rage ba zai rufe rabin gona ba.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sauko ya tsaya a tsakar gida, ita tana zaune tana tsince wake. Ya ce, "Yaya, ke kika taɓa irin nan?"

Ta ce, "Ni ce."

"Da izinin wa?"

"Na ɗauka wannan karon zai zauna."

Ya ce, "Kin ɗauka. Ke ba ki da bakin da za ki ciyar, shi ya sa kike wasa da abincin 'ya'yan mutane."

Innarmu ta saki muciya. Gwaggo ta ci gaba da tsince wakenta, amma na ga hannunta yana ɗaukar mai kyau yana zubarwa tare da tsakuwa. Shi ma yana rufe baki ya san abin da ya faɗa, sai dai magana ta riga ta fita.

Dole ta sa ya wanke ƙafa ya tafi gidan surukansa, iyayen Innarmu, roƙon iri. Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukansa ya san abin da wannan tafiyar ta ci masa. Sun ba shi ba tare da wata magana ba, amma ya yi shekaru ba ya iya haɗa ido da su. Daminar nan gaba ɗaya shi da yayarsa gaisuwa ce kawai take haɗa su. Ita ce da laifi, ba zan rufe mata ba don ta mutu. Shi kuma ya taɓa inda bai kamata a taɓa ba.

Ba ta ba shi haƙuri da baki ba, shi ma bai ba ta ba. Da kaka ta yi, ta zaɓi zangarniya mafi kyau daga ɗan abin da ta samu, ta ɗaure, ta ajiye a ƙofar turakarsa. Shi kuma ya sa aka gina mata ɗan ƙaramin rumbu a bayan ɗakinta, irinta daban, nasa daban. Da bazara ta zagayo muka zuba ido mu ga ko ta horu. Jakuna suna gama kai taki ta ɗaura ɗamara. Na ce, "Gwaggo, bayan duk abin da ya faru?" Ta ce, "'Yar nan, bara ce ta ƙi. Bana ban tambaye ta ba tukuna."

A hankali gari ya fara bin ta. Damina ta zama ba ta da tabbas, wata shekarar ta zo da wuri ta ɗauke da wuri, sai samari suka ga gara su raba ƙafa, su yi binne a wani yanki su jira ruwa a wani. Waɗanda suke tsayawa a kan keke suna tsokanarta, 'ya'yansu ne suka koma zuwa tambayarta zurfin rami da yawan ƙwayar da za a zuba. Takan ce a nutsa shi sosai, yadda yayyafi ba zai kai gare shi ba sai ruwan kirki. A 'yan shekarun nan da wuya ka sami gidan da ba ya yi ko kaɗan ne. Gidan da bai taɓa yi ba shi ne namu, in ka cire ita.

Bana ciwo ya kwantar da ita tun sanyi bai gama fita ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. An kai ta asibiti an dawo da ita. Duk wanda ya zo dubiya ya ce ya jiki, sai ta ce da sauƙi, har ranar da ba ta iya ɗaga kai. Duk da haka ta sa an kai taki gonarta an baza, ta sa na sussuke irinta na zuba a ƙwarya na ajiye inda idonta zai riƙa gani.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, da yamma ina mata fifita, Baba ya yi sallama ya shigo. Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya ce, "Yaya, gobe zan ɗebi yara mu je mu yi miki binne."

Na daina fifitar. A rayuwata ban taɓa zaton zan ji wannan daga bakinsa ba.

Ta buɗe ido ta dube shi ta ce, "Kai?"

"Ni."

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "A'a, Auta. Bana ka jira ruwa."

"Don me? Mutane duk sun yi."

Ta ce, "Ni in na zuba iri a ƙasa barci nake har da minshari. Kai in ka zuba ba za ka sake runtsawa ba sai ka ji ruwa a kan rufi. Ga jinyata, ga kallon sama. Ba za ka iya ɗaukar biyu ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Maganar nan da na faɗa miki shekarun baya."

Ta ce, "Na ji zafinta, ba zan yi maka ƙarya ba. Na yafe tun a daminar. Irinka da na ɗiba fa?"

Ya ce, "Na yafe, Yaya."

A nan na gane abin da na kasa ganewa duk zamana da ita. Na ɗauka ba ta ganin haɗari ne, ashe tana ganinsa sarai, ta san nauyinsa, har ta san wanda zai iya ɗauka da wanda ba zai iya ba. Sau ɗaya ta ɗora wa wani, ta ga yadda ta kaya, ba ta sake ba. Matar da ta yi shekaru tana jiran ranar da ƙaninta zai yarda da ita, ranar ta zo, ta mayar masa da ita don ya samu ya yi barci. Na ji tsoronta a lokacin, irin tsoron da ake ji a gaban babban mutum. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya haɗa ta da yaron da ta rasa, ya sa abin da ta kai gidajen mutane a ɓoye ya tarbe ta a sarari.

Ranar sadakar uku, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe tabarmin maza, aka rinƙa gudu da kwanuka. Sai ruwa ya sauka, ba yayyafi ba, ruwa mai nauyi wanda ya cika kwatami ya tsaya a tsakar gida har idon sawu. Bayan kwana biyu ya sake dawowa. Tsofaffi suka ce sun manta rabon da su ga damina ta buɗe haka. Ƙannena suka je suka shuka gonar gida. Gonar Gwaggo kuwa babu wanda ya taɓa, don ta zama gado, sai Baba ya yi magana, shi kuma bai waiwayi zancenta ba. Yana zaune yana karɓar gaisuwa.

Da aka yi bakwai baƙi suka watse, da safe ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da sungumi a kafaɗa. Ya ce in ɗauko ƙwaryar irin in biyo shi.

Muka fita bayan gari. Duk inda ido ya kai binnen mutane ya fito, layi-layi, kore shar, har iska ta fara kaɗa shi. Gonakin unguwar gabas, gonar liman, gonakin samarin nan, babu wadda ta yi fashi. A tsakiyarsu ga gonar Gwaggo, jar ƙasa da baƙin taki, ko tsinke babu sai 'yar ciyawa da ta fara leƙowa. Ita kaɗai ce ba a zuba wa iri ba a duk faɗin wurin.

Baba ya tsaya a bakin gamba ya daɗe. Ya ce, "Duk shekarun nan irin wannan ruwan take jira." Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara riƙon sungumi ya ce, "Ni zan sara, ke ki zuba."

Haka muka yi. Yana gaba yana sara, bayansa a tanƙware, ina biye ina zubawa ina rufewa da diddige, ƙasa mai sanyi tana manne mini a ƙafa. Mun kusa kai tsakiyar gona sai ya tsaya ya juyo, ya leƙa cikin ƙwaryar.

Ya ce, "Ki riƙa rage hannu. A bar na baɗi."

Na ce, "Baba, ai in wannan ya yi za a sami wani irin."

Ya ce, "Wannan nake so, wanda ta zaɓa da hannunta. Baɗi ana gama kai taki za ki zo. Ba za mu jira ruwa ba."

Ya juya ya ci gaba da sara.